Shekarar da Babanku Ya Wuce Bi'ir Ali

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da ke cikin ƙasa da abin da ke ƙarƙashin ruwa. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin ƙuruciyata da na aurena, amma duk sanda na iso shekarar da babanku ya rasu sai in ajiye alƙalami in ce gwiwata na ciwo, kamar da gwiwa ake rubutu. Yau ba zan kewaye ba. Na gaji da zaman falon da in Nafisa ta shigo, yayanku Babba sai ya tuna yana da aiki a waje. Na gaji da jin ana raɗa cewa autata Nafisa ce ta hana ubanta cikawa a Madina. Ina wurin, da idona na gani, kuma ba haka aka yi ba. Da Hausa na rubuta da gangan. Ku masu jin Hausa kuna amsa mini da Larabci, ku nemi mai karanta muku.

Sai kun san ko wane ne Malam kafin ku gane girman abin da ya yi. Yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, a ƙasa, suna tafiya suna yada zango. Sun yi shekaru a Sudan suna aikin auduga suna tara guzuri. Da suka samu jirgin katako da zai ƙetare da su Bahar Maliya, zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa a tsakiyar ruwa, ta cika kafin a hango tudu. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka sauke ta cikin teku yana kallo. Matar da ta yi rabin rayuwarta a hanyar Madina, saura ƙetare ɗaya. Tun daga ranar Malam ya ƙulla gaba da teku. Ko kifinsa ba ya ci. Nakan tsokane shi in ce har na gwangwani ma tsoronsa kake ji? Sai ya yi mini banza ya ci gaba da jan carbinsa. A gonakin dabino na Badar ya koyi aiki yana saurayi, daga baya ya dawo lambunan bayan garin Madina, kuma a nan ya tsufa. Babban abokin gabarsa na biyu gishiri ne. In ya ga farin gishiri ya taso a gindin dabino, ba ya samun sukuni sai ya kora ruwan daɗi ya wanke wurin tas.

Kun san yadda mutanenmu ke kwaɗayin cikawa a Madina a kai su maƙabartar Baƙi'a. To na Malam ya fi na kowa, domin shi yana ganin tafiyar uwarsa ce zai ƙarasa mata. Tun da likita ya gaya masa zuciyarsa ta yi rauni, ya yanke wa kansa iyaka a Bi'ir Ali, da ke bakin garin Madina a hanyar Makka. In baƙi za su tafi Makka, zai raka su har masallacin miƙati, ya jira su ɗaura harami, ya yi musu addu'a, ya juyo gida. Ko taku ɗaya ba ya ƙarawa. Da aka zo auren ɗan Babba a Jidda, babu irin roƙon da ba a yi masa ba, ya ce a kai gaisuwarsa. Babba ya shanye abin, amma ni na san ya yi masa ciwo, kuma ban ga laifinsa ba.

Nafisa kuwa tun tana ƙarama ba ta da hutu. Ita ce ke cika mini kwanukan girki da tsutsotsi da 'ya'yan itace tana cewa tana dubawa. Ta yi karatun halittun ruwa, ta samu aikin koyarwa a nan Madina, ofis mai sanyi, ga gida kusa. Na ce alhamdu lillahi, yarinya ta zauna. Ashe ban san komai ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune gaba ɗaya a gidanmu na unguwar Sultana ana cin tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ta ce an ɗauke ta wani aiki a bakin teku, a wani ƙauyen masunta gaba da Badar. Wai akwai wata ciyawa da ke tsirowa a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, doguwa har ta fi mutum, tana yin kurmi guda inda 'ya'yan kifi ke ɓuya su girma. Kurmin ya mutu a wurare da yawa, su kuma za su je su tayar da shi. Babba ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya juyo gare ni.

“Yumma, ke kin yarda da wannan kalam?” in ji shi. “Mace ta bar aikinta a Madina ta tafi tana shuka ciyawa a bahar? Ciyawa fa! Wa zai ci?”

“Kifin da kake saye kana yabawa, Yaya, a cikinta yake girma,” in ji Nafisa.

“Ni dai ƙanwata ba za ta zauna ita kaɗai cikin baƙin mutane ba. Halas, magana ta ƙare.”

“To sai yaya, Yaya?”

Babba ya yi murmushi irin na wanda ya gama shari'a. “Ɗayyib, na yarda. Sharaɗi ɗaya: Baba ya bi ki ya zauna tare da ke.”

Kowa ya san abin da yake nufi. Wasu suka yi dariya, Nafisa ta sunkuyar da kai. Malam yana gefe yana wanke hannu, kamar ba ya jin abin da ake yi. Sai da ya goge hannunsa sannan ya dube ta.

“Auta, wannan ciyawa taku, iri ake yafawa ko dashe ake yi?”

“Duka biyu, Abuya. A raine ta a inuwa tukuna, in ta yi ƙwari a kai ta a dasa.”

“Kuma dā can tana nan, mutuwa ta yi?”

“Tana nan. Tsofaffin masunta sun ce har filafilin kwalekwale takan riƙe.”

Can ya ce, “Wanda ya ga gona ta mutu ya ce zai tayar da ita, ni ban iya barinsa shi kaɗai ba. Rabi, ki ɗaure mana kaya.”

Wallahi cokali ne ya faɗi daga hannuna. Da mutane suka watse na tare shi a ɗaki, na ce Malam, Baƙi'a fa? Ya ce sanyin bana ne kawai, kafin azumi mun dawo, kuma Wanda ya riƙe ransa a Sultana ba zai manta da shi a bayan Badar ba. Na ce ka ƙi zuwa auren jikanka, yanzu ka tashi don ciyawa, me kake so yaron nan ya ji? Ya ce biki ko babu shi an yi, amma yarinyar nan in bai tashi ba an kashe mata abin da take so ke nan, kuma da sunansa aka kashe. Na jawo akwati.

Ranar tafiya Nafisa ke tuƙi. Da muka iso Bi'ir Ali, ga manyan motocin alhazai jere, ga mutane cikin fararen harami, na saci kallon Malam. Carbinsa na gudu a hannunsa, leɓensa na motsi, amma bai ce a tsaya ba. Muka wuce duwatsu, muka wuce Badar yana nuna mana inda lambunan da ya yi aiki suke, har iska ta canza ta fara ɗanɗanon gishiri. Da teku ya bayyana, shuɗi har iyakar gani, sai ya juya fuskarsa ga ɗaya tagar. An ba mu ɗan gida kusa da rumfar aikin. Makonnin farko a bayan gida yake shimfiɗa tabarmarsa, ya ba wa ruwa baya, kamar mai fushi da maƙwabci.

A nan na san 'yata. Na haife ta, na goye ta, amma sai a ƙauyen nan na san ko wace ce. Da ta idar da sallar asuba ta fita, ita da abokan aikinta, su shiga kwalekwale su tafi inda ɗan ragowar kurmin yake. Su nutse su yanko rassan da suka nuna, su kawo su sa cikin manyan bahuna cike da ruwan teku a ƙarƙashin rumfa. A ƙasan kowane baho an jera duwatsu kamar dunƙulen hannu. Irin ciyawar ya fi ƙura ƙanƙanta, shi zai zubo ya manne a jikin duwatsun. Daga nan sai jira da tattali: a duba sanyin ruwa, a goge datti, a rage rana. Bayan wani lokaci sai ka ga dutse ya yi gashi-gashi kamar kan jariri. In ya ƙara tsawo sai a ɗaure duwatsun jeri-jeri da igiya don kada igiyar ruwa ta watsa su, a nutse da su a shimfiɗa a inda kurmin ya mutu, a kewaye da raga saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke cinye tsiro. Nafisa ta yi baƙi ƙirin, hannuwanta suka tsattsage, na ce wannan ko man shanu na duniya ba zai gyara ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Akwai wani tsohon masunci, Ammu Salim, da farko dariya yake yi musu. Da ya ga yarinyar nan tana zama a gabansa tana tambayarsa inda kurmin yake a zamanin ƙuruciyarsa, tana sauraro kamar a gaban malami, sai ya zama shi ke tuƙa su. Shi ya gaya mini yadda abin ya lalace a kan idonsa: ruwa ya riƙa ɗumi fiye da dā, laka ta gangaro daga gine-ginen bakin gaɓa ta rufe duwatsu, ƙarafan tsayar da jirage suka kankare sauran. Da ciyawa ta tafi, kifi ya bi ta.

Igiya ce ta jawo Malam cikin aikin. Wata rana Nafisa ta dawo tana mita, wai igiyar roba da suke ɗauri da ita ba ta ruɓewa, an je gyaran teku an bar masa shara. Malam ya ce a samo masa zaren jikin dabino, wanda a nan ake ce wa lif. Ammu Salim ya kawo buhu guda daga Badar. Malam ya zauna ya miƙe ƙafa ya fara tufka, kamar yadda yake yi a lambu. Suka gwada ta a ruwa, ta riƙe. Nafisa ta ce daidai lokacin da za ta ruɓe, ciyawa ta kafu ba ta bukatarta. Daga nan tabarmar Malam ta tashi daga bayan gida ta koma ƙarƙashin rumfa. Yana tufka yana leƙa bahuna, yana yi wa tsiron magana yadda yake yi wa 'ya'yan dabino. Har aka bar masa jerin bahunan da ke gefensa, waɗanda za a dasa a wani lungun teku da masunta suka fi kewar kurminsa. Yana ce musu “yarana”.

Sai ranar da abin ya faru. Duk ma'aikata sun fita teku, rana ta buɗe da zafi ba zato, ruwan bahuna ya ɗan ja baya. Malam ya duba ya ga farin gishiri ya bushe a bakin kowane baho, irin farin da ya yi shekaru yana yaƙi da shi. Hankalinsa ya tashi. Tsoho mai ciwon zuciya ya tsiyaye ruwan bahunan nan gaba ɗaya, ya jawo tiyo daga tankin ruwan sha ya cika su taf. Ina ɗaki ina gyaran kifi ya shigo yana haki, fuskarsa cike da farin ciki, ya ce yau ya ceci yara, da gishiri ya ƙone su. Ni kuma me na sani? Na ce sannu da ƙoƙari, na ba shi shayi. Da la'asar Nafisa ta dawo ta sa yatsa a baho ta ɗanɗana. Na ga ta daskare. Ta ɗaga dutse ɗaya, gashin jikinsa ya yi laushi ya koɗe. Ta ɗaga na biyu, haka. Ta zauna a ƙasa daɓas.

“Lafiya, Auta?” in ji Malam. “Na canza musu ruwa ne. Gishiri ya yi musu yawa.”

Ina ganin yadda take haɗiye abin da ya taso mata. Aikin wata da watanni ne, kuma ciyawar ba ta sake yin iri sai wani sanyin. Ta tashi ta zo ta durƙusa gabansa ta sumbaci kansa.

“Malesh, Abuya, ba komai. Laifina ne. Ban gaya maka ba, wannan gonar gishiri ne abincinta. Ruwan daɗi ne gubarta.”

“Sun mutu?”

“Sun mutu.”

“Duka?”

“Na wannan jerin duka.”

Tun da na auri Malam ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Washegari Nafisa ta je gaban shugabar aikin ta ce ita ce ta bar amana a hannun wanda ba ta koya wa ba. An yi mata faɗa sosai, har ta tagar ɗakinmu ana ji. Ba ta ambaci sunan ubanta ba ko sau ɗaya. Ta dawo ta ci abinci tare da shi tana ba shi labarin wani kunkurun teku da ta gani, kamar babu abin da ya faru. Ni da na haife ta na ji kunyarta ranar, domin na san da ni ce da ƙauyen nan kaf sun ji muryata.

Da azumi ya matso na fara haɗa kaya. Malam ya ce in kwance. Ya ce shi bai taɓa kashe shuka ya tafi ya bar ramin ba, sai ya ga an mayar da abin da ya kashe. Nafisa ta roƙe shi har da kuka, ta ce ya koma Madina, ita za ta ji da sauran. Ku riƙe wannan da kyau, ku masu raɗa: ita ce ta roƙe shi ya tafi, shi ne ya ƙi. Muka zo gida muka yi ƙaramar salla, kun gan mu, bai yi kwana nawa ba ya ce a mai da shi. Muka sha zafin bakin teku, zafin da ke sa riga ta manne a jiki tun hantsi. Yana tufka igiya, yana koyon aikin tun daga tushe. Ya koyi ɗanɗana ruwa ya san ko ya yi daidai. Da sanyi ya dawo aka kawo sababbin rassa, shi ya jera duwatsun da hannunsa.

A cikin wannan sanyin ne wata safiya ya ce wa Ammu Salim yana so a kai shi ya ga dashen bara, na bahunan da suka tsira. Na zaci ban ji daidai ba. Muka shiga kwalekwale, ni da shi da Nafisa, ya riƙe gefen katako gam har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Da muka isa, Ammu Salim ya miƙo masa wani bokiti mai gindin gilashi da masunta ke leƙa ruwa da shi. Malam ya dafa shi a kan ruwa ya sunkuya. Ya daɗe. Da ya ba ni na leƙa, sai ga ciyawa ruwan ƙasa-ƙasa ta tashi tsaye kamar gero ya kai ƙugu, tana rausaya gaba ɗaya, ga ƙananan kifaye suna shiga suna fita. A wurin da bara dutse ne tsirara.

“Rabi,” in ji shi, “shekara da shekaru in na tuna Inna, cikin duhu nake ganinta, wuri babu komai. Ashe har lambu akwai a ƙasan nan.”

Ya juya ga Nafisa. “Allah Ya yi miki albarka, Auta. Kakarki kike yi wa shuka ba ki sani ba.”

Ranar ya ci kifin teku. Ya ce ba laifi, amma bai kai na gwangwani ba, don dai ya rama tsokanata.

Ana saura kaɗan a kai sababbin duwatsun lungun nan, jikinsa ya rikice. Numfashi ya riƙa yi masa wuya, ƙafafunsa suka kumbura. Likitan ƙauyen ya ce a kai shi babban asibiti. Na kira Babba, kafin azahar ya iso da mota, ko zama bai yi ba.

“Baba, tashi mu tafi. Yanzu-yanzu. In ma wani abu ne, ya same ka a Madina.”

“Jibi za a sauke yarana,” in ji Malam. “In an sauke sai mu tafi.”

“Baba, don Allah! Abin da ka yi shekaru kana tsaro, za ka sayar da shi a kan ciyawa?”

“Abuya, ka bi Yaya,” in ji Nafisa. “Wallahi zan ɗauko maka hoton komai.”

“Hoto ba ya mayar da abin da hannu ya kashe. Zauna, Babba, ka sha ruwa. Ka sha hanya.”

Babba ya fita ya tsaya a jikin motarsa yana kuka, na bi shi na tsaya kusa da shi, domin ni ma abin da yake so nake so. Da na dawo ɗaki Malam ya kira ni kusa. Ya ce in Allah Ya kai shi Madina, alhamdu lillahi. In kuma a nan aka kira shi, kada a wahalar da gawarsa a mota, a sa shi a maƙabartar ƙauyen. Ya ce uwarsa ta kwana a ruwan nan ita kaɗai tun yana yaro, ba zai ji ƙyashin kwanciya kusa da ita ba. Na ce ka daina irin wannan magana. Ya ce ki dai riƙe.

Ranar dashe aka ɗora shi a kujera a bakin gaɓa, da inuwa a kansa. Yana kallo aka loda duwatsun ɗaure da igiyarsa, kwalekwale ya tafi, ya ga Nafisa ta nutse ta fito, ta nutse ta fito. Da ta dawo ruwa na ɗiga daga jikinta ta ce an gama, ya ce alhamdu lillahi, gobe da safe sai Madina. Shi da kansa ya ce in ɗaure kaya. Washegari ya yi sallar asuba a zaune, ya sha shayi, Babba yana sa akwatuna a mota. Na shiga in ce masa an shirya, na tarar ya jingina da bango, carbi a hannu, ya riga mu tafiya.

Babba ya ce a ɗauke shi a kai Baƙi'a, ko bai cika a can ba ya kwanta a can. Ni na hana. Ni, ba Nafisa ba. Ita tana ɗaki tana kuka. Na faɗi abin da ya bar mini, na ce in an taka wannan magana ban yafe ba. Masuntan ƙauyen kaf suka bar jiragensu suka zo, Ammu Salim ne ya shiga kabari tare da Babba. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, har yau in na wuce ta bangon Baƙi'a sai ya dawo mini sabo. Na so masa ita kamar yadda ya so wa kansa. Amma mutumin nan da hankalinsa ya auna, ya zaɓi ya tsaya wa 'yarsa, ya kuma gyara ɓarnar hannunsa. Ban taɓa ganin girmansa kamar a shekarar nan ba.

Sanyin da ya wuce na sa Nafisa ta kai ni. Na ziyarci kabarinsa, sannan muka shiga kwalekwale zuwa lungun nan. Na karɓi bokitin na leƙa. Ciyawa ta rufe ƙasa, ta taso har tana shafar gindin jirgi, Ammu Salim yana ture ta da filafili yana mita cikin jin daɗi. Na ce wa Nafisa ta nutse ta samo mini ko guntun igiyar babanta in ajiye. Ta nutse ta daɗe, ta fito hannu wofi. Ta ce babu ko zare, Yumma, ta ruɓe tuntuni, ciyawar ta kama dutse da kanta.

Babba, da kai nake yanzu. Kai ka kafa sharaɗin nan, ubanka ya cika shi, ban kuma taɓa ɗora maka laifi ba, don na san tsoron da ya sa ka faɗa. To kai ma ka sauke wa ƙanwarka. Makullin mota na aljihunka, hanya kuma ka san ta. In ka iso Bi'ir Ali kada ka tsaya. Ka je ka yi wa ubanka addu'a, ka ce Nafisa ta ba ka bokitin nan ka leƙa.